Ranar da Na Wuce Baba a Ƙofar Na'isa

Hauwa, ranar da kika dawo daga bikin jikar Gwaggo Asabe a Mandawari kin shigo ɗakina kin zauna a bakin gado. Can kika tambaye ni ko gaskiya ne abin da wata tsohuwa ta faɗa miki a wurin kamu, wai ni ne yaron da mahaifinsa ya faɗi a Ƙofar Na'isa, ya tsallake shi ya wuce saboda tsere. Na ce miki na wuce, amma ban tsallake shi ba. Sai aka kira salla, maganar ta tsaya a nan. Kun san ni, bakina ba ya sauri. Abin da na kasa faɗa a zaune shi zan rubuta a nan, domin ke da ƙannenki, don kada ku riƙe ni da kakanku a yadda mutanen unguwa suka ba ku labarinmu.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma sunan mahaifin Baba aka raɗa mini, Abubakar. Ku da kuka tashi ina kiran kowannenku da sunansa ba lalle ku gane nauyin wannan ba. A zamaninmu, a irin gidanmu, iyaye suna kunyar ɗan fari. Ba sa kama sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa yi masa magana sai ta bakin wani. Baba, Malam Yusha'u maɗinki, bai taɓa dubana ya ce yi kaza ba. In yana son a ɗebo ruwa sai ya kalli keken ɗinkinsa ya ce, a gaya wa yaron nan randa ta yi ƙasa. Umma kuwa "mutumin" take ce mini. In ta gama rabon abinci sai ta ce wa ƙannena su kai wa mutumin nasa. Ni ma ba na amsa musu kai tsaye, sai dai in tashi in yi abin da aka ce. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sanin bai hana ni jin kishi ba duk lokacin da na ga Baba ya ɗora ƙanina a cinya yana nuna masa yadda ake zura zare a allura.

Mutum ɗaya ce take yi mini magana son ranta, kakata Iya, mahaifiyar Baba. A ɗakinta na tashi tun daga yaye. Da yake sunan mijinta ne da ni, Maigida take kirana, kuma ba ta raga mini.

"Maigida, wai ni miji na aura ko takarda? Tun safe ka kifa kai a littafi, ko sannu da gida ba ka ce mini ba. Gobe alƙali zai raba mu."

In ce mata ai ba wanda zai kwashe ta in na sake ta. Ta jefe ni da mafici. Wannan ita ce hirata a duniya. A makaranta ba ni da aboki na kusa, Ƙamus suke ce mini, don in malami ya tambayi ma'anar kalma kowa ni yake juyowa ya kalla, ni kuma in sunkuyar da kai in faɗa a hankali har sai an ce in maimaita.

Makarantarmu tana bayan ganuwa, kusa da Ƙofar Ɗan Agundi. Shekarar da nake aji huɗu aka kawo sabon malamin wasanni, Malam Garba, wani dogo mai ƙaramar murya wanda ya ce ba ɗalibin da zai sake ɓuya a laburare ranar wasa. Kowa ya zaɓi abin da zai yi. Na duba ƙwallon ƙafa, na ga dole mutum ya yi ihu ya ce a ba shi. Na duba ƙwallon hannu, haka. Sai na ga gudun dogon zango, inda ba mai ce maka komai kuma ba ka ce wa kowa komai, na ba da sunana a nan. Ba don ina son gudu ba ne, don ina gudun mutane ne.

Tseren gwaji na farko ni na zo ƙarshe, kuma ba ƙarshe na kusa ba. Sauran sun gama, sun sha ruwa, wasu har sun sa rigunansu, ina zagaya fili ni kaɗai. Wani ya ɗaga murya ya ce Ƙamus ya tsaya duba ma'anar gudu ne, aka kwashe da dariya. Da na zo wucewa ta gaban Malam Garba ya tambaye ni ko na gama ne ko na gaji. Na ce saura zagaye ɗaya. Ya sa hannu a aljihu ya tsaya har na kammala, sannan ya ce mini a ƙarshen shekara za a yi tseren titi, daga makaranta a bi gefen ganuwa a wuce Ƙofar Na'isa, a juyo a Gadon Ƙaya a dawo. Ukun farko su za a tafi da su gasar makarantu ta jiha.

"Ban ce za ka shiga ukun ba," in ji shi. "Na dai ga ba ka tsaya ba."

Da na gaya wa Iya sai da ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce wa ya biyo ni da zan yi ta gudu haka kawai. Amma da ta ga ina ɗingishi sai ta sa na miƙe ƙafafu, ta murza mini su da man shanu tana cewa irin waɗannan sandunan ko kaza ba za su kamo ba.

Da damina ta yi nisa Iya ta kwanta da zazzaɓi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa. Aka bar ni ni kaɗai a ɗakin. Gadonta yana nan, tasbaharta tana rataye a ƙusa, amma ba mai kirana Maigida. Sai mako ya wuce ban ji sunana a bakin kowa ba in ba wurin kiran suna a aji ba. Ba a daɗe da sadakar arba'in ɗinta ba kuma, wata ranar da hantsi, Baba yana kan keke a zaure yana haɗa wata riga, ƙafarsa ta zame daga kan abin takawa ya kife. Ina makaranta aka kai shi asibiti. Da aka dawo da shi ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannu a lanƙwashe, ƙafa sai dai a ja ta, baki ya karkace, magana tana fita a hankali kamar ana jawo ta daga rijiya. Umma ta lulluɓe keken da tsohon zani. Ƙanin Baba, Baffa Ado, wanda yake da rumfa a kasuwar Kurmi, shi ya ɗauki nauyin gidan. Mutum ne mai kirki da zafin zuciya da babbar murya, in ya yi sallama a zaure har maƙwabta amsawa suke yi.

Masu dubiya suka yi ta zuwa suna cewa Allah ya sa kaffara ne, da irin muryar da ake yi wa wanda aka cire rai da tashinsa. Baba yana amsawa da amin. Bayan 'yan makonni, wata asuba na ji wani sauti a tsakar gida, ƙwas, sannan shuu, ƙwas, sannan shuu. Na leƙa ta labule. Baba ne da sandar Iya a hannun dama, yana dogara ta yana jan ƙafar hagu, ya nufi zaure. Umma tana tsaye a ƙofar ɗakinta ta toshe baki da mayafi. A ranar iyakar ƙofar gida ya kai, ya tsaya ya huta a tsaye, ya juya. Washegari ma haka. Bayan kwanaki ya kai dakalin maƙwabcinmu. Masallacin unguwa yake nufi, wanda da lafiyarsa kafin a gama iƙama ya isa.

Ƙannena sun yi ƙanƙanta su riƙe shi, ni kuwa na san ba zai dafa kafaɗata ba. Don haka na riƙa bin sa a baya, da tazarar da zai iya yin kamar bai san ina nan ba. Haka muka yi watanni, shi a gaba ni a baya, a lungun nan mai kwata a tsakiya, ba mai ce wa wani uffan. Ban taɓa samun damar kallon mahaifina na tsawon lokaci irin wannan ba, ko da yake ƙeyarsa kawai nake gani. Na lura ba ya ɗaga kai ya hango masallaci, ƙofar gidan da ke gabansa kawai yake kallo, in ya kai ta sai ya ɗauki ta gaba. Ba ya sauri in ya ji ƙarfi, ba ya ragewa in ya gaji. In zai huta a tsaye yake hutawa. Kuma ba ya ƙara nisa sai wanda yake yi ya zauna masa a jiki.

Yana faɗuwa. Farkon faɗuwar da ya yi a gabana na yunƙura zan je, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ba tare da ya juyo ba, na tsaya. Ya jawo sandar da ƙafar dama, ya mirgina ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya ja jiki zuwa bango, ya hau sandar da kaɗan kaɗan har ya miƙe. Abin ya ɗauki lokacin da za a iya yin alwala a yi nafila. Ina tsaye ina kallo, hawaye yana zuba, na rasa inda zan sa hannuwana. Wata rana kuma ya faɗi daf da masallaci, saura gida biyu, aka yi dace Baffa Ado ya kwana a gidan yana tare da mu. Kafin Baba ya ɗaga hannu Baffa ya sungume shi ya tsayar da shi, yana kakkaɓe masa riga yana salati. Baba ya karɓi sandarsa. Sai ya juya ya nufi gida. Baffa ya ce, Yaya, ga masallaci nan, ina kuma za ka? Baba bai tsaya ba, ya ce:

"Wannan tafiyar ta zama taka, Ado. Tawa sai gobe."

A gida ya yi sallarsa ranar. Washegari ya faro daga ƙofa, ya faɗi a hanya, ya tashi da kansa, ya shiga sahu.

Duk wannan lokacin ban bar gudu ba, amma da farko yi nake kawai don Malam Garba ya tsaya ya jira ni ranar nan. In an idar da sallar asuba na ga Baba ya shiga gida, sai in sa kambas ɗina in fita ta Ƙofar Na'isa, tsohuwar ta ƙasa, kafin a rushe ta a gina wadda kuka sani. In bi bayan badala, ta gefen kududdufai, ba kowa sai masu kai kayan miya kasuwa a kan keke. Da can tasowa nake da ƙarfi kamar an koro ni, kafin in yi nisa numfashi ya ƙare in zauna a kan dutse. A hankali na ga ina yin yadda Baba yake yi. Na daina hangen Gadon Ƙaya, na koma kallon bishiyar da ke gabana. Na samo wani taki da zan iya riƙewa na riƙe shi. In na gaji sai in koma tafiya, amma ba na zama. Ba wanda ya ce mini in yi haka, kuma ban taɓa zama na ce bari in kwaikwayi Baba ba. Abin da nake gani kowace safiya ne ya sauko mini a ƙafa. A gwajin da aka yi bayan hutu na zo tsakiya, masu dariya suka ragu.

Wanda bai ji daɗin abin ba shi ne Baffa Ado. Wata ranar Juma'a bayan an sauko ya shigo zaure, inda Baba yake zama a kan tabarma kusa da kekensa. Ina soron ciki ina wanke kambas, duk abin da aka faɗa a kunnena. Baffa ya ce mutane suna magana. Ya ce ɗan malam guda, babba a gida, uba a kwance, ya sa gajeren wando yana zagaya bayan gari da asuba kamar wanda ya yi sata ko wanda aljanu suka taɓa. Ya ce kamata ya yi in an taso makaranta in zauna a zaure in koyi keken nan, kada ya yi tsatsa. Har ya ce ya ji wai tsere za a yi a kan titi, a gaban jama'a, ta nan Ƙofar Na'isa, mutuncin gidan ya zube gaba ɗaya. Baba ya daɗe kafin ya haɗa maganar.

"Ya ɗauko kayan wani ne?"

Baffa ya ce a'a, amma ai ba a nan take ba. Baba ya koma jan carbinsa. Baffa ya jira, ya gaji, ya tashi yana cewa shi dai ya faɗi nasa.

Na zauna da takalmin a hannu ina juya kalmomin nan. Ban san ko kare ni Baba ya yi ba, ko kuwa gajiya ce ta hana shi ƙarasa maganar. Abu ɗaya nake so in sani a shekarar nan, ko Baba yana tare da ni a kan gudun nan ko haƙuri kawai yake yi da ni. Na ƙudura a raina cewa ranar da ya dubi bango ya ce a gaya wa yaron nan ya bari, na bari ke nan, ko ana gobe tsere. Da Iya tana nan da ta shiga ta tambaye shi ta fito ta gaya mini, har da ƙari. Yanzu ba wanda zan aika. Kullum in na shigo zaure na durƙusa na gaishe shi, sai in ɗan jinkirta kafin in tashi ko za a ce wani abu. Sai ya amsa wa iska ya ci gaba da jan carbi.

Abin da ya canja shi ne hanyarsa. In an fito daga masallaci, maimakon ya juya gida sai ya miƙe kudu, ya bi hanyar da take fita babban titi. Gida ɗaya, bayan kwanaki gida biyu. Umma ta ce wa ƙannena su gaya wa mutumin ya riƙa lura, tsohon nan ya fara wuce gona da iri. Na ɗauka likita ne ya ce ya ƙara tafiya. Ina bin sa har ya juyo, sannan in tafi nawa gudun a makare, wani lokaci in shiga aji da gumi.

Ranar tseren Asabar ce da safe. An tare titi, ɗalibai da mutanen gari sun jeru a gefe, musamman a bakin ƙofofi. Da aka busa usur yara suka zuba da gudu kamar a nan kusa za a tsaya. Na bar su. Na kama takina ina kallon bishiyar gaba. Kafin Ƙofar Na'isa na fara wuce waɗanda suka riƙe ciki. A bakin ƙofar akwai wani mai goro, Malam Iro, da yake kasa farantinsa a gindin bango shekara da shekaru. Ina isowa na ga wani mutum a tsaye gaban farantin, ya ba titi baya, da farar riga da sandar Iya. Na san ƙeyar nan fiye da kowace fuska a duniya. Daga gidanmu zuwa wurin nan, a irin tafiyarsa, sai dai in tun daga masallaci bai koma gida ba. A nan na gane inda yake nufa duk makonnin nan. Bai juyo ba. Ya sunkuya yana jujjuya goro, mutumin da tun da ya kwanta ba ya iya tauna shi.

Ban san yadda na kai Gadon Ƙaya ba. Na dai san da muka juyo mutum ɗaya ne a gabana, wani ɗan aji biyar da ba mai kamo shi, kuma ina jin takun wani a bayana. Da muka sake doso Ƙofar Na'isa yara suka ɓarke daga cikin gari don su ga na gaba, suka turo jama'a. Ina hangowa wani ya bangaji sandar. Baba ya tafi ta ɓarin hagu, inda ba hannun da zai tare, ya faɗi a gefen titi. Hularsa ta gangara. Mutane suka yi kansa, na ga hannun nan ya ɗago yana tsayar da su.

Ƙafafuna suka bar titi da kansu. Na rage gudu har na kusa tsayawa, tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ƙura a gemunsa, gwiwar hannunsa ta goge tana jini. Na san abin da kowa a wurin yake jira in yi. Na kuma san abin da ba wanda ya sani a wurin, cewa in na sa hannu na ɗaga shi, tafiyar da ya yi makonni yana haɗawa ta tashi daga tasa. Bai dube ni ba. Ya dubi mai goro, ya jawo maganar da ƙyar.

"Iro, ka ce masa ya wuce."

Malam Iro ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "Malam ya ce ka wuce."

Muryar Baba ba ta fita, ta Malam Iro ma hayaniya ta danne ta. Waɗanda suka ji ba su da yawa. Waɗanda suka gani kuwa duk wanda yake wurin ne. Na koma kan titi. Na ji wata mata tana salati tana cewa ɗansa ne fa, ɗansa na cikinsa. Na yi 'yar tafiya na waiwaya, na ga ya kai kan gwiwa ɗaya yana laluben sanda. A wannan waiwayen na bayana ya wuce ni. Na bi shi har makaranta ban kamo shi ba, na shiga na uku. Malam Garba ya dafa kafaɗata ya ce in je in sha ruwa, na samu shiga. Na duba filin, kowa da wanda ya rungume shi. Ban jira rabon kyauta ba, na juya na koma ƙofa da ƙafa.

Na tarar Baba ya tafi. Malam Iro ya ce shi da kansa ya tashi, ya hana kowa taɓa shi, ya sa aka miƙo masa hularsa kawai. Wani ya ruga Kurmi ya gaya wa Baffa Ado, ya zo a kan keke hankali a tashe, suka tafi gida tare, Baffa yana tura keken yana faɗa.

Kafin la'asar labari ya gama unguwarmu Mandawari, kuma a hanya ya ƙara ƙiba, har aka ce tsallake shi na yi. Dattawan da nake gaisarwa a dakali suka koma amsa mini da ka. Mai shayin bakin lungu, wanda da yake tsokanata, ya daina. Malam Iro ya gaya wa wasu abin da ya ji, amma ɗayan labarin ya fi daɗin faɗa, shi kuma bai daɗe ba ya koma garinsu. Baba ba zai fita ya tsaya a gaban mutane yana wanke ɗan farinsa ba, wannan ma rashin kunya ne a wurinsa. Ni kuma ban iya ba. Na je gasar jiha, na yi wa makaranta gudu, daga baya na yi wa kwalejin horon malamai. Ban zama wani shahararre ba, amma ban taɓa shiga tsere na fita ban gama ba, kuma da irin takin nan na yi karatun da na yi ina koyarwa ina da iyali, kaɗan kaɗan har na kai inda kuka gan ni. Sai dai maganar ba ta sake ni ba. Gidan farko da na nemi aure a unguwar, da aka yi bincike ita aka kawo, aka ce a ba su lokaci, lokacin bai zo ba har yau. Ranar jana'izar Baba, bayan shekaru kaɗan, ina tsaye a bakin kabari na ji wani a bayana yana nuna ni yana cewa shi ne wannan. Ga shi har ta kai kunnenki, Hauwa.

Abin da mutanen unguwa ba su ji ba a zaure aka faɗe shi, yammacin ranar tseren, mu uku ne kawai. Baba yana kan tabarma an ɗaure masa gwiwar hannu da tsumma. Ina durƙushe a bakin ƙofa. Baffa Ado yana tsaye yana kai da kawo, ya ce bai taɓa ganin rashin imani irin wannan ba, ya ce da a ce ɗansa ne da sai ya karya ƙafar da aka yi gudun da ita, ya ce yau ya ji kunyar shiga kasuwa. Ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. Ban ɗago kai ba. Baba ya bari sai da ya gama.

"Ado, da ka zo, a zaune ka same ni ko a tsaye?"

Baffa ya ce a tsaye, amma ai wannan ba hujja ba ce.

"To."

Daga cikin gida ana jin Umma tana daka. Na ɗauka an gama, na yunƙura zan tashi, sai Baba ya juya fuskarsa wajen keken ɗinkin da ke lulluɓe, ya fara haɗa wata maganar a hankali, yana tsayawa yana haɗiyar yawu.

"A ce wa mai gudun nan, da tafiya ya yi daidai. Da dawowa an ce ya wuce, ya tsaya waiwaye. Da na biyu zai zo."

Mutumin da ya ba titi baya yana zaɓen goro, mutumin da yake ƙasa yana laluben sanda, ashe ya ga tafiyata, ya ga dawowata, ya ga wanda ya wuce ni da dalilin da ya sa ya wuce ni. Ban taɓa mayar wa Baba da magana ba, ban san yadda ake yi ba. Na juya wajen Baffa na ce, Baffa, a ce masa na ji.

Baffa Ado ya dube ni, ya dubi yayansa, tsakaninmu ko taku uku babu. Ya buɗe baki kamar zai ci gaba da faɗa, sai ya girgiza kai ya nemi gefen tabarma ya zauna.

"Yaya," ya ce, "ya ce ya ji."